Tsofaffin bindigogin Jamus masu baki biyu: su wa suka ƙera su, kuma me dokar hana dalma ta jawo musu?

Tun ranar 15 ga Fabrairu, 2023, dokar Tarayyar Turai ta hana harba harsashi mai ƙwayoyin dalma a cikin fadama ko dausayi, har da tazarar mita 100 daga bakinsu. Dokar ba ta ambaci kowace irin bindiga ba, harsashi kaɗai ta taɓa. Amma ta sa mafarauta da yawa a Jamus sun ɗauko bindigar da suka gada wurin uba ko kaka suna jujjuya ta, suna tambayar ko za ta iya ɗaukar sabon harsashin mai ƙwayoyin ƙarfe. Ba a iya amsa wannan tambaya sai an san wanda ya ƙera bindigar, da shekarar da aka ƙera ta, da irin gwajin da ta ci. A nan ne ruɗani yake, domin sunan da ke rubuce a saman tsohuwar bindigar Jamus sau da yawa ba na maƙerinta ba ne.

Ma'anar kalmomi

Bindiga mai baki biyu ita ce wadda ke da bututu biyu a haɗe, ana karya ta a tsakiya a zura harsashi biyu ta baya. Wata bututunta na kwance gefe da gefe, ita Jamusawa ke kira Doppelflinte. Wata kuma ɗaya na bisa ɗaya, ita ce Bockflinte. Cikin bututun sumul yake, kuma harsashinsa kwanso ne cike da ƙananan ƙwayoyi da ke watsuwa idan an harba, shi ya sa ta dace da tsuntsu da zomo. Akwai ta uku da Jamus ta fi kowa shahara da ita, wato Drilling, mai baki uku: biyu na ƙwayoyi a sama, ɗaya a ƙasa mai tsaga a murɗe ta ciki don harsashi guda mai cin dogon zango.

Lambar 12 ko 16 da ake kiran bindiga da ita tsohon lissafi ne. Idan aka raba fam ɗaya na dalma gida 16 aka dunƙule kowane kaso, faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bututu mai lamba 16. Ke nan mai lamba 12 ta fi mai 16 faɗin baki. Jamusawan da can sun fi son 16, alhali yau 12 ce ta mamaye kasuwar duniya. Sai mazaunin harsashi, wato wurin da kwanson ke zama a gindin bututu: a yawancin bindigogin Jamus na kafin Yaƙin Duniya na Biyu tsawonsa milimita 65 ne, harsashin da aka fi sayarwa yanzu kuwa na milimita 70 ne. Na ƙarshe ita ce matsewar baki, ɗan tsukewar da ake yi wa ƙarshen bututu don ƙwayoyi su tafi a dunƙule. Waɗannan abubuwa uku su ne tushen matsalar da ake ciki yau.

Suhl, garin maƙera

Kusan duk labarin yana komawa ga gari ɗaya, Suhl, a cikin tsaunukan dajin Turingiya. Akwai tama a duwatsun wurin, akwai itacen gawayi, ga ƙoramu masu juya injin dukan ƙarfe. Tun ƙarni na 16 garin ke ƙera bindigogi yana sayar wa kowane ɓangare da ke yaƙi, har aka yi masa laƙabi da rumbun makaman Turai. Wannan suna ne ya jawo masa wuta a 1634, lokacin Yaƙin Shekara Talatin, da sojojin Kuroshiya suka ƙone shi. A 1815 garin ya koma ƙarƙashin daular Purushiya, ɗaya daga cikin manyan daulolin Jamusawa na lokacin, shi ya sa ake ganin kalmar Prussia a jikin bindigogin da aka kai Amurka a da. Kusa da shi akwai Zella da Mehlis, waɗanda suka haɗe a 1919 suka zama Zella-Mehlis, su ma sana'arsu ke nan.

Abin da ya kamata a riƙe game da Suhl shi ne yadda aka rarraba aikin. Ba mutum ɗaya ke ƙera bindiga daga farko zuwa ƙarshe ba. Wani bututu kaɗai yake haƙa, wani ya haɗa biyun da lida ya daidaita su har su riƙa bugun wuri ɗaya, wani ya goge uwar bindigar da magagari, wani ya sassaƙa ƙota, wani ya yi zane, wani ya rina ƙarfen. Da yawansu a ɗakin aiki na cikin gidajensu suke, kayan na yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan. Wanda ya san yadda takalmin fata ke bi ta hannun majemi da marini da baduku kafin ya iso rumfar mai sayarwa zai gane tsarin. A ƙarshe wani mai shagon bindiga a Balin ko Hambug ko wani ƙaramin gari zai yi oda, a zana masa sunansa a saman bututun. Wasu ma ba a sa musu suna ko ɗaya, kuma cikinsu akwai masu aikin da ya fi na wasu sanannun gidaje.

Akwai kuskuren da ya yaɗu ƙwarai: mutum ya ga an rubuta Krupp a jikin bututu sai ya ce bindigar Krupp ce. Kamfanin Krupp na Essen ƙarfen ya narka ya sayar wa maƙeran Suhl. Tambarinsa na zobe uku, wanda asalinsa hoton ƙafafun jirgin ƙasa ne, ya yi tashen da har mafarautan Rasha ke kiran fitacciyar bindigar Sauer da "mai zobe uku".

Yadda farauta ta sauko daga fada

Kafin 1848 farautar manyan namun daji a yawancin ƙasashen Jamus haƙƙin sarakuna da masu sarauta ne, ko da kuwa a gonar talaka naman yake. Juyin juya halin shekarar ya soke wannan, ya ɗaure haƙƙin farauta ga mallakar ƙasa. Da aka ga namun daji na ƙarewa sai Purushiya ta yi doka a 1850 cewa sai mai fili kimanin hekta 75 ne zai yi farauta da kansa, ƙananan gonaki kuma a haɗa su a ba da haya. Attajirai, likitoci, manyan manoma da ma'aikatan gandun daji suka shigo fagen, kuma su ne suka zama kasuwar Suhl.

Dabarun ƙirar kuwa yawanci daga waje suka zo. Bindigar da ake karyawa a zura harsashi ta baya ta yaɗu ne daga aikin Lefaucheux na Faransa a shekarun 1830. Wadda aka ɓoye 'yan gudumominta a ciki, maimakon su tsaya a waje kamar kunnuwan zomo, ta samu gindin zama da tsarin Anson da Deeley na Birmingham a 1875. Sakatar da ke ratsa bayan bututu daga Greener take, shi ma Bature ɗan Ingila. Abin da Jamusawa suka yi shi ne suka ɗauki waɗannan suka gyara su daidai da dajinsu. Mafaraucin Jamus yakan shiga daji shi kaɗai ko da karensa, bai san abin da zai taso masa ba, ko makwarwa, ko zomo, ko barewa, ko aladen daji. Don haka bindigarsa na da maratayi, da tudu a ƙota inda kunci ke kwanciya, da 'yan ƙusoshi masu leƙowa don ya shafa ya san a ɗane take ko da duhu. Wannan buƙata ce ta haifi mai baki uku, wadda ake danganta rajistar ƙirarta ta 1878 ga Peter Oberhammer na Munich. Ita ce kuma ta sa Wilhelm Brenneke na Leipzig ya fito da harsashi dunƙule guda a 1898, wanda bututu sumul zai iya harbawa ga babban nama.

Manyan gidajen ƙira

Sauer ne dattijon cikinsu. Kamfanin na lissafa tarihinsa daga 1751, kodayake sunan J. P. Sauer & Sohn ya kafu ne a 1873. Tambarinsa wani ƙaton mutumin daji ne riƙe da kulki. Shi ya fi kowa mayar da aikin hannu zuwa aikin masana'anta, yana fitar da bindigogi masu yawa kuma masu aminci. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙera wa sojojin saman Jamus wata mai baki uku, M30, don matuƙin da jirginsa ya faɗi a Arewacin Afirka ya samu abin neman abinci da kare kai.

Gidan Heym ya fara a 1865, Greifelt a 1885, Krieghoff a 1886, sai 'yan'uwan Merkel a 1898. Merkel ya yi suna ne da mai bututu ɗaya bisa ɗaya, wadda yake kullewa da tagwayen sakata irin ta Gustav Kersten. Akwai kuma H. A. Lindner, ƙaramin ɗakin aiki da 'yan Jamus kansu ba su san shi sosai ba, domin kusan duk aikinsa New York yake tafiya, ana sayar da shi da sunan Charles Daly, wanda ɗan kasuwa ne ba maƙeri ba. Masu tara kayan tarihi a Amurka na sa waɗannan cikin mafi kyawun abin da Suhl ta taɓa fitarwa, kuma alamar Lindner ɗin tana ɓoye a ƙarƙashin bututu: ƙananan bindigogin hannu biyu a giciye.

Labarin Simson ya fi na kowa nauyi. 'Yan'uwa biyu Yahudawa, Löb da Moses Simson, suka kafa shi a 1856, ya girma yana yin bindigogi da kekuna har da motoci. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙarƙashin sharuɗɗan yarjejeniyar Versailles, shi kaɗai aka yarje wa ƙera ƙananan makamai ga sojojin Jamus, abin da ya jawo masa hassadar maƙwabta a lokacin da kasuwa ta mutu. Da 'yan Nazi suka hau mulki, gwamnan jam'iyyarsu a Turingiya, Fritz Sauckel, ya sa aka kama Arthur Simson, aka ƙwace kamfanin a 1935. Iyalin suka tsere a 1936, suka ƙare a Amurka. Bindigar da ke ɗauke da haruffan BSW ko sunan Gustloff daga wannan masana'anta da aka ƙwace ta fito.

Masu gardama kan ko ta Jamus ta kai ta Ingila sun kasu biyu. Masoya ta Landan na cewa ta fi sauƙi a hannu, ta fi tashi zuwa kafaɗa, ta Jamus kuwa an cika mata sakatu da zanen barewa da ganyaye masu zurfi. Masoya ta Suhl na cewa an yi ta ne don ta sha ruwan sama da ƙanƙara shekara da shekaru ba ta yi sako-sako ba. Idan aka duba aikin da aka yi kowace dominsa, duka biyun na da hujja: ta Ingila ta harbin tsuntsayen da ake korowa ce, mai harbin na tsaye wuri ɗaya, ta Jamus kuwa ta mai yawo ce.

Abin da ke ƙarƙashin bututu

Idan aka ɓalle ɗan katakon da ke ƙarƙashin bututu, aka karya bindigar aka zare bututun aka kifa shi, za a ga wani shafaffen wuri da bai fi faɗin yatsu biyu ba, cike da ƙananan hatimai kamar sawun kaza. Nan ne takardar haihuwar bindigar take.

Dokar 19 ga Mayu, 1891, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1893, ta wajabta a kai kowace bindiga gidan gwaji na hukuma, a harba ta da albarushin da ya zarce na yau da kullum, a duba ko ta kumbura ko ta tsage, sannan a buga mata hatimi. Kambi bisa harafin U na nufin an duba ta bayan harbi ta tsallake. Kambi bisa S bututun ƙwayoyi ne, bisa W mai matsattsen baki, bisa G mai tsagar ciki, bisa R kuma an yi mata gyara an sake gwadawa. Kambi bisa V shi ne mai yaudarar mutane: ba gwaji ba ne, shaida ce kawai cewa bindigar na cikin kayan da ke shago kafin dokar ta fara aiki. Kalmar Nitro na nuna an gwada ta da albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi tsohon baƙin albarushi matsi. Daga 1923 gidan gwajin Suhl ya fara buga wata da shekara, ta yadda 527 ke nufin Mayun 1927. Sabuwar dokar 1939 ta sauya kambin da mikiya bisa N. Idan ba a ga lamba 70 ba, abin da ya fi aminci shi ne a ɗauka mazaunin na milimita 65 ne har sai an auna.

Tsofaffi ƙwarai kuma suna da bututun Damaskas, wanda ake yi da tufkar ƙarfe iri biyu a naɗe a daka, har zane ya fito kamar saƙa. Yawancin irinsa daga Liège ta Beljiyam ake shigo da shi. Yana da kyawun gani, amma tsatsa na iya cin layukan haɗinsa ta ciki ba a sani ba.

Rabuwar 1945

Sojojin Amurka ne suka fara shiga Suhl a farkon Afrilun 1945. Aka umarci farar hula su miƙa makamansu, wasu aka farfasa, wasu sojoji suka tafi da su gida, kuma wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin bindigogin Jamus suka yi yawa a Amurka. A watan Yuli yankin ya koma hannun Tarayyar Sobiyat. Aka ƙwace masana'antu, aka kwashe injuna, aka riƙa tura bindigogin farauta gabas a matsayin diyyar yaƙi. Masu gidajen da suka samu hanya suka gudu yamma: Sauer ya sake kafuwa a Eckernförde a 1951, Krieghoff a Ulm, Heym a Babariya. Maƙeran da injunan da suka rage kuwa suna Suhl, suna ci gaba da aiki a masana'antun gwamnatin Jamus ta Gabas, waɗanda daga baya aka haɗe ƙarƙashin sunan Ernst Thälmann.

Sakamakon haka, an yi shekaru ana fitar da bindiga mai sunan Sauer daga ƙasashe biyu da ba sa ga maciji. A gabas kuma ƙira ɗaya kan fito yau da sunan Simson, gobe da na Merkel, gwargwadon kasuwar da za a kai ta. Bayan haɗewar Jamus a 1990 yawancin masana'antun suka durƙushe, mutanen Suhl suka ragu daga kimanin 56,000 zuwa ƙasa da 40,000. Merkel ya tsira, kuma tun 2007 yana hannun kamfanin Caracal na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Makarantar koyon ƙirar bindiga da zane tana nan a garin har yau.

Gardamar dalma

Hujjar masu goyon bayan dokar ita ce agwagin ruwa na tsintar ƙwayoyin da suka zube a laka suna haɗiyewa a zaton tsakuwa, ƙundunsu ya niƙe dalmar ta shiga jini. Hukumar kula da sinadarai ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa tsuntsayen ruwa kusan miliyan ɗaya ke mutuwa ta haka a kowace shekara. Wasu daga cikin irin waɗannan tsuntsaye su ne ke ƙetaro Sahara su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi. Gubar dalma kuma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon niƙan dutsen zinare mai dalma. Masu wannan ra'ayi na nuni da Denmak, wadda ta hana ƙwayoyin dalma gaba ɗaya tun 1996, kuma ba a daina farauta a can ba.

Ƙungiyoyin mafarauta ba su musanta gubar ba. Ƙorafinsu shi ne ma'anar dausayi a dokar ta yi faɗi, har mutum ba zai san ko yana cikin tazarar mita 100 ba, sannan idan aka same shi da harsashin dalma a wurin, shi ne zai kawo hujjar cewa ba nan zai harba ba. Sun ƙara da cewa ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, ƙarfinsa na saurin raguwa a nesa, kuma yana iya dukan dutse ko ƙanƙara ya dawo.

Ga tsohuwar bindiga matsalar ta ƙira ce. Dalma na da laushi, tana lanƙwashewa ta wuce ta matsattsen baki. Ƙarfe ba ya lanƙwashewa, yana iya kumbura ƙarshen bututu ko ya karce cikinsa, kuma maƙeran Suhl sun saba matse bakin bindigoginsu ƙwarai. Harsashin ƙarfe mai ƙarfi ana harba shi ne kawai a bindigar da ke da hatimin fure na gwajin ƙarfe, wanda babu tsohuwar da ta fito da shi daga masana'anta. Mai matsakaicin ƙarfi na iya yiwuwa a bindiga lafiyayya mai hatimin Nitro idan bakinta bai matse sosai ba, amma samun irinsa a lamba 16 mai milimita 65 sai an sha wuya. Bututun Damaskas kuwa ba ya cikin lissafin.

Abin da ya shafi mai riƙe da ita

Zaɓin da ya rage wa mai irin wannan bindiga kaɗan ne. Ko ya sayi harsashin bismut, mai laushi kamar dalma amma mai tsada. Ko ya kai wa maƙeri ya buɗe bakin ya tsawaita mazaunin, a sake kai ta gidan gwaji, inda za ta iya faɗuwa, kuma ko ta ci ta daina zama yadda maƙerinta ya bar ta, abin da ke rage mata daraja wurin masu tarawa. Ko kuma ya keɓe ta don farautar tudu, nesa da ruwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa gama-garin tsofaffin masu baki biyu suka yi araha a Jamus, yayin da ƙalilan masu fitaccen zane da sanannen maƙeri ke riƙe da farashinsu a gwanjo.

Tsufa kuma ba ya cire bindiga daga hannun doka sai inda dokar ta faɗi haka. A Amurka wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana lissafa ta a kayan tarihi a dokar tarayya. A Jamus sassaucin ya fi shafar wasu tsofaffin masu ɗuri ta baki da ƙirarsu ta girmi 1 ga Janairu, 1871. Mai baki biyu mai cin harsashi tana buƙatar izini ko shekarunta nawa. Magajin da ya ci gadonta yana da wata ɗaya ya nemi takarda, kuma idan shi ba mafarauci ba ne ko ɗan wasan harbi, sai an sa wa bututun toshiyar da ke hana harbi. A Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta sa bindigar farauta irin wannan cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Wanda ke da lasisin kuma tsohuwar ta Jamus ce a hannunsa, ya san cewa kwanson milimita 70 na shiga mazaunin milimita 65 ya zauna lafiya lau bindigar ta rufu, domin ana auna tsawon ne bayan bakin kwanson ya buɗe. Sai an ja kunama ne bakin zai rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru a cikin ƙarfen da ya shekara ɗari.